Lissafi a Shagon Ɗinki: Kundin Karatun Auta

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Ƙanwata Auta tana aji uku na ƙaramar sakandare, bana za ta zauna jarrabawar BECE, wato ta kammala ƙaramar sakandare. Sakamakon zangon farko ya nuna lissafi ne ke jan ta baya, amma da na duba takardar amsoshinta sai na ga ba ko'ina matsalar take ba. Tarawa da ɗebewa lafiya lau. Jadawalin sau ta haddace shi har gidan goma sha biyu. Wuri ɗaya take zubewa: da zarar an haɗa mata alamar mainos da ɗigo a tambaya guda, aka kuma ce ta mayar da amsar zuwa cikakkiyar lamba da guntunta, irin su 3¾, shi ke nan an rasa ta. Tambaya huɗu aka yi musu a kan wannan, huɗun duka ta faɗi.

Na yi NCE a ɓangaren lissafi kafin ɗinki ya riƙe ni, saboda haka na ce wa Inna ba sai an biya kuɗin lesin ba, a riƙa turo min ita shago bayan la'asar ranakun Laraba, Asabar da Lahadi. Wa'adin da na ɗibar mana shi ne ƙarshen Fabrairu. Ana sa ran azumi farkon Maris, kuma duk tela ya san daga an ga wata sai keke, ba shi da lokacin kansa har daren Sallah.

Kafintan da ke maƙwabtaka da ni ya ba ni falankin katako kyauta. Baƙin fenti ƙaramin gwangwani ₦2,500, alli kwali ɗaya ₦1,500, littafin rubutu biyu ₦1,000. Jimla ₦5,000. Na shafa fentin ɗazu, da wannan iskar hunturu kafin gobe ya bushe.

Niyyata in raba mata aikin. Za mu fara da ɗigo ba mainos, sannan mainos ba ɗigo, sai mu haɗa su. Mayar da amsa zuwa guntu shi ne na ƙarshe.

Lahadi, 12 ga Janairu

Mun jingine allo jikin bango bayan teburin yanka. Na fara mata da 2.5 × 1.5. Ta san dabarar: a kawar da kai daga ɗigon, a ninka 25 da 15 a samu 375, a ƙirga lambobin da ke bayan ɗigo a ɓangarorin biyu, guda biyu ke nan, a sa ɗigon a samu 3.75. Da na tambaye ta dalilin ƙirgar sai ta ce haka aka ce su yi. Na rubuta mata 2.5 a matsayin 25 bisa 10, 1.5 kuma 15 bisa 10. Goma sau goma ɗari, don haka 375 ɗin nan bisa ɗari yake zaune, shi ya sa ɗigon ke komawa baya gida biyu.

Sai na ba ta 0.3 × 0.2, ta rubuta 0.6 ko tsayawa ba ta yi ba. Uku sau biyu shida, lamba ɗaya ce tak, gida biyu kuma ake buƙata, sai ta bar gida guda ya salwanta. Na ce ta ɗauki 0.3 a matsayin kobo talatin, a raba shi goma a ɗebi kashi biyu. Ta ce kobo shida. To, rubuta min kobo shida da naira. Nan ta ɗan jima, domin yaran yanzu ba su taɓa riƙe kobo a hannu ba, amma ta fito da ₦0.06 da kanta.

Laraba, 15 ga Janairu

Maimaici kawai. Hannunta ya fara zama a kan cike gibi da sifili.

Asabar, 18 ga Janairu

Sifilin ƙarshe ne ya ba mu wahala yau. Tambayar ita ce 2.5 × 0.4. Ta ninka 25 da 4 ta samu 100, sai ta tuna an ce sifilin da ke ƙarshen lamba mai ɗigo ba shi da amfani, ta share su biyun tun kafin ta sa ɗigo. Ya rage 1, ta koma baya gida biyu, ta rubuta 0.01. Kowane mataki da ta bi ƙa'ida ce ta gaskiya, jerin ne ya ɓaci. Ɗigo ake fara sawa, 1.00, sannan a share sifilin, amsa 1.

Abin da ya fi damuna shi ne ba ta ji komai a jikinta ba da ta ga 0.01. Na ce mata, "Auta, 0.4 ya kusa rabi ko bai kusa ba?" Ta ce ya kusa. "Rabin yadi biyu da rabi fa?" Ta ce yadi ɗaya da kwata. Na ce to ta yaya abin da ya kusa yadi ɗaya da kwata zai koma abin da bai kai faɗin ɗan yatsa ba? Daga yau na kafa doka: kafin ta taɓa ninkawa sai ta rubuta ƙiyasi a gefen takarda. A ganina ƙiyasin nan ya fi kowace ƙa'idar ɗigo kare ɗalibi, kuma shi ne abin da aka fi tsallakewa a aji saboda ba ya cikin abin da ake ba wa maki.

Lahadi, 19 ga Janairu

Mun shiga mainos. Na ɗauko tef ɗin awo biyu na shimfiɗa su a kan teburin yanka, bakin ƙarfensu na haɗe a tsakiya, ɗaya ya miƙe dama ɗaya hagu. Mahaɗar ita ce sifili, na ja mata layi da allin tela. Dama abin da kake da shi, hagu abin da ake bin ka. 3 × (−2) bashin naira biyu ne sau uku, bashin shida, −6. Wannan bai ɗauke ta minti biyar ba, da ma bashi ba baƙon abu ba ne ga wanda ya tashi a gidan masu sana'a.

Na gaya mata ba ni na ƙirƙiro misalin ba. Brahmagupta, masanin lissafi na ƙasar Indiya, da ya rubuta ƙa'idojin waɗannan lambobi a shekarar 628, da sunan dukiya da bashi ya kira su. Na kuma nuna mata −18 da ke rubuce jikin firizar mai sayar da ƙanƙara a layinmu, don ta san lambobin ƙasa da sifili suna aiki a wajen littafi.

Mun rufe da −0.5 × 3 = −1.5, haɗuwar farko ta mainos da ɗigo. Ta wuce lafiya.

Laraba, 22 ga Janairu

Mainos sau mainos. Na jera mata a allo, layi bisa layi:

3 × (−2) = −6
2 × (−2) = −4
1 × (−2) = −2
0 × (−2) = 0

Na tambaye ta me ke faruwa da amsar duk lokacin da muka sauko layi ɗaya. Ta ce tana ƙaruwa da biyu. Na rubuta −1 × (−2) na miƙa mata alli. Ta rubuta 2, ta ƙara 4 a layin da ke bi masa. Sannan ta juyo ta ce, "Yaya, na ga haka ne, amma raina bai yarda ba."

Na ji daɗin maganar, domin yaro mai cewa ya gane alhali bai gane ba ya fi wuyar koyarwa. Na gwada mata da yafe bashi: mutum uku na bin ka naira biyu-biyu, aka cire maka basukan nan uku, ka ƙaru da shida. Ta ce wannan ta ji, amma yaya ake cire bashi sau ɗaya da rabi? Tambayar tana kan hanya. Misalin bashi yana aiki da cikakkun lambobi, da an zo kan ɗigo sai ya fara ɗingishi. Zan nemo wani kafin Asabar.

Asabar, 25 ga Janairu

Aiki ya riƙe ni a shago, ba mu zauna ba sai bayan magariba, a gida, ga shi an ɗauke wuta. Na aiki Auta ta sayo kyandir fakiti ɗaya, ₦1,200. Ina kunna na farko abin da nake nema tun Laraba ya faɗo min.

Na tsayar da kyandir biyu kafaɗa da kafaɗa a kan faranti, tsayinsu ɗaya, na kunna guda na bar ɗayan. Ƙarfe bakwai daidai a wayata. Muka ci gaba da maimaici, muka yi isha. Ƙarfe takwas ta ɗora tef tsakanin kan wanda ba a kunna ba da bakin wanda ke ci: inci ɗaya da rabi. Wato tsayinsa yana canzawa da −1.5 duk awa.

Takwas da rabi na ce mata, wannan lokacin da muke ciki shi ne sifili. Gaba fulos, baya mainos. Nan da rabin awa ina tsayin zai kasance? Ta rubuta −1.5 × 0.5 = −0.75, zai ragu da kwata ukun inci. Na ce to koma baya, awa ɗaya da rabi da suka wuce, lokacin da muka kunna shi, ina tsayin yake? Ta rubuta −1.5 × (−1.5), ta tsaya, ta dubi kyandir ɗin da ba a kunna ba wanda ya kere ɗan'uwansa. Ta ce, "Sama yake." Ta ninka 15 da 15 ta samu 225, ta sa ɗigo, 2.25. Ta ɗora tef ta auna tazarar, ya nuna 2⅛, ɗan layi ɗaya ƙasa da inci biyu da kwata. Na ce mata kyandir ba ya ci daidai wa daida, lissafin ya ɗauka kullum gudunsa ɗaya ne. Ba ta damu da wannan ba, alamar ce ta kama ta. Abin da ke raguwa, in ka bi shi da baya, ya fi yadda yake yanzu yawa. Har ta kira Inna ta zo ta gani.

Lahadi, 26 ga Janairu

Ɗan kafinta, wanda ke aji biyu, ya fara zama tare da mu. Mahaifinsa ya roƙa, kuma allon ma nasa ne. Maimaici a kan alamomi.

Laraba, 29 ga Janairu

Koma baya. An yi musu gwaji a makaranta ranar Litinin, yau ta kawo takardar ido ya yi ja. Tambayoyin sau guda uku duk ta ci. Na tarawa da ɗebewa, waɗanda a da ba ta faɗuwa, su ne suka rushe. Ta rubuta −2.5 + (−1.5) = 4. Ta rubuta −3.2 − 1.1 = 4.3. Amsoshin gaskiya −4 da −4.3.

Na gano daga inda abin ya fito. A ajinsu rera ƙa'idar ake yi baki ɗaya, mainos da mainos fulos, mainos da mainos fulos, har ta zauna a kai ba tare da an ce a wane aiki ba. Yanzu kuma da ta yarda da ita a zuciya, sai ta shiga yi wa duk mainos biyu da ta gani hukunci ɗaya. Ban ga laifin malamin da ke gaban aji cike maƙil yana da minti arba'in ba, amma waƙar nan tana gyara tambaya ɗaya ta ɓata biyu.

Muka koma kan tef. Na sa yatsanta a kan 2½ na hagu, na ce an ƙara miki bashin ɗaya da rabi, ina za ki? Ta ja yatsa hagu zuwa 4. Na ce bashi a kan bashi ya taɓa zama riba? Ta girgiza kai. Na jera mata tambayoyi a cakuɗe, tarawa, ɗebewa da sau, na ce kada ta amsa ko ɗaya, ta dai zagaye alamar aikin da ke tsakiya ta faɗi sunanta da ƙarfi. Mun cinye lokacin yau duka a kan wannan. Na kuma hana faɗin ƙa'idar a shagon nan sai da sau a cikinta.

Wannan ya ci mana mako guda daga tsarin da na yi.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Ba karatu. Mura da zazzaɓi sun kwantar da ita, ƙurar bana ta yi yawa. Gobe ma hutu.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Ta warware, sai ɗan tari. Na sayo mata jan biro, ₦200, aikinsa ɗaya: rubuta alamar amsa. Tsarin yanzu shi ne ta fara yanke hukuncin alama ta rubuta da ja a gurbin amsa, sannan ƙiyasi, sannan ninkawa kamar babu mainos a duniya, sannan ɗigo.

−1.2 × (−0.4): fulos, 48, gida biyu, 0.48. −4.8 × 2.1: mainos, ƙiyasi biyar sau biyu goma, 48 × 21 = 1008, amsa −10.08. Na ƙara musu mai lamba uku, −0.5 × (−1.5) × (−2.5). Ɗan kafinta ne ya fara lura cewa mainos suna kashe juna bibbiyu, in ɗaya ya yi saura amsar mainos ce. Sun samu −1.875.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Matakin ƙarshe, mayar da ɗigo zuwa guntu. A gida muka yi saboda Kaka ta zo daga ƙauye ganin jikin Auta. Ta zauna tana jin mu, da ta ji ana ta rabi da kwata sai ta ce min, "Kai maigidan, wannan ai lissafinmu ne na da." Ta sayar da man gyaɗa tun zamanin fam da sule. Kwabo goma sha biyu sule ɗaya, sule ashirin fam ɗaya, sisi rabin sule, taro kwatansa. Ranar 1 ga Janairun 1973 aka koma naira da kobo, fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kobo goma. Na ce wa Auta ta mayar min da sule biyu da sisi zuwa naira. Sule 2½, kobo ashirin da biyar, ₦0.25. Kaka ta ce haka ne, har akwai ƙwandalar kobo ashirin da biyar a sabon kuɗin. Ta ce su a kasuwa sun daɗe suna ciniki da sule a baki suna biya da kobo a hannu.

Guntu ya girmi ɗigo nesa ba kusa ba. Masanin lissafi Al-Uƙlidisi ya yi aiki da lambobin bayan ɗigo a Dimashƙ wajen shekarar 952, Al-Kashi kuma ya tsara su sosai a Samarƙand a 1427, amma har gobe tef ɗin tela kashi takwas yake raba inci. Kwastoma bai taɓa ce min a rage masa 0.375 a hannun riga ba.

Dabarar ba ta da wuya. Abin da ke gaban ɗigo shi ne cikakkiyar lamba. Abin da ke bayansa a ɗora shi bisa goma, ɗari ko dubu gwargwadon yawan gidajen, sannan a rage. −3.5 × (−1.25) = 4.375. 375 bisa 1000, a raba sama da ƙasa da biyar: 75 bisa 200, 15 bisa 40, 3 bisa 8. Amsa 4⅜. Na sa ta nemo wurin a kan tef, layi na uku bayan huɗu. Aikin gida: ta haddace 0.125, 0.25, 0.375, 0.5, 0.625, 0.75 da 0.875 tare da layukansu takwas-takwas.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

−1.7 × 1.2 = −2.04. Su biyun suka rubuta −2 4/10 suka rage zuwa −2 2/5. Sifilin da ke bayan ɗigo sun tsallake shi. Gida biyu ne, saboda haka 4 bisa 100 ne, wato −2 1/25. Kobo huɗu da kobo arba'in ba ɗaya ba ne. Mun yi irinta da yawa har ta zauna.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Yau na gano ainihin abin da ya kayar da ita a zangon farko, kuma ba ninkawa ba ne.

−1.5 × 2.5 = −3.75, ta mayar −3¾, daidai. Don in gwada ta sai na ce ta mayar da −3¾ zuwa guntu zalla, mai sama da ƙasa kawai. Ta bi yadda aka koya musu: ninka ta ƙasa da cikakkiyar lamba, ƙara ta sama. Huɗu sau −3, −12. A ƙara 3, −9. Ta rubuta −9/4. Na ce raba tara da huɗu. Ta samu 2.25. Na ce daga −3.75 muka taso, ya aka yi muka sauka a −2.25? Ta sake bin lissafin sau biyu ba ta ga inda ta kauce ba, domin a ganinta ba ta kauce ba.

Na miƙa mata allura na ce ta soka min inda −3¾ yake a kan tef ɗinmu na tebur. Ta tafi hagu zuwa uku, sannan ta juyo dama kwata uku, ta soka tsakanin biyu da uku. A nan cutar take. A wurinta mainos ɗin na ukun ne kaɗai, kwata ukun kuma fulos ne da ya raɓu da shi. Tana karanta −3¾ kamar −3 + ¾. Duk amsoshin da ta riƙa rubutawa daidai a kwanakin nan, siffar kawai take kwaikwaya, ma'anar da ke kanta daban ce. Da ban sa ta koma da baya ba, da mun rufe karatun nan ina zaton an gama.

Na ce mata, "Idan mai shadda yana bi na yadi uku da kwata uku, kwata ukun nawa ne ko nasa?" Ta ce nasa ne, duk bashi ne. Na ce to me ya sa kika juyo dama? Ta zare allurar, ta koma kan uku, ta ci gaba hagu layi shida, ta soka dab da huɗu. Tef ɗin hagu da kansa yana nuna 3¾ a wurin. Na ce yaya za ki faɗi wannan bashin a kasuwa? Ta ce yadi huɗu ba kwata. Madalla. Wannan ma daidai ne a rubuce, −4 + ¼ = −3.75. In dai ana son guntun ya zama fulos, sai an wuce zuwa −4 sannan a dawo da kwata. Daga −3 kuwa hanya ɗaya ce, ci gaba hagu.

A allo na rubuta mata shi da baka biyu: −3¾ = −(3 + ¾). Mainos ɗin yana waje, ya rufe duk abin da ke ciki. A buɗe bakan a samu −3 − ¾, wato −12/4 − 3/4 = −15/4. A aikace kuwa, ta ajiye jan mainos ɗinta a gefe, ta yi huɗu sau uku goma sha biyu da uku goma sha biyar, sannan ta mayar da shi gaban 15/4.

Rubutun ne da kansa yake da tarko. A aljabra in an jera abu biyu ba alama a tsakaninsu sau ake nufi, a 3¾ kuwa tarawa ake nufi, kuma tarawar a ɓoye take. Sai aka zo aka ɗora mainos a gaba ba baka. Ban ga dalilin da zai sa a bar yaro ya gano wannan da kansa ba, magana ce ta minti goma in an yi ta a kan layin lamba.

Mun wuce lokaci har aka kira magariba. Wando biyu da na yi alkawarin gobe sai da dare zan ƙarasa su.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na fara da allura kafin alli: −1⅞, −2½, −¼, −5⅛. Duka ta soka a inda ya dace.

Sai na nuna musu hanya ta biyu, a mayar da lambobin guntu tun kafin a ninka. −1.5 × 2.5 ya zama −3/2 × 5/2 = −15/4, huɗu na shiga goma sha biyar sau uku saura uku, −3¾. Ba ƙirgar gida, ba ragewa. In lambobin rabi ne ko kwata ko takwas-takwas, wannan ta fi sauri. In irin su 1.7 ne, hanyar ɗigo ta fi. Auta ta fi son ta biyun, na ce ta riƙa amfani da ɗaya wajen duba ɗaya.

Ɗan kafinta ya kawo sabon kuskure. −4.6 × 0.5 = −2.3, ya rubuta −2⅓, ya ɗauki ukun da ke bayan ɗigo ya kai shi ƙasa. Amsar −2 3/10 ce. Wannan ya ba ni damar ba su wani ma'auni. Goma dai biyu sau biyar ce, ɗari da dubu ma daga biyu da biyar aka gina su. Saboda haka in ka ninka lambobi masu ɗigo da ke da ƙarshe, ka rage guntun iya ragewa, lambar ƙasa ba za ta wuce irin su 2, 4, 5, 8, 10, 20, 25, 40 ba. Ka ga bisa uku ko bisa bakwai, koma ka duba.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Ɗinkin Sallah ya fara shigowa, rabin awa kawai muka samu. Na kama ɗan kafinta yana duba amsa a kalkuletar wayar babansa a ƙarƙashin tebur. Ban ƙwace ba, na ce ya gama da hannu tukuna sannan ya duba. Wayar ma 4.375 za ta ba shi, 4⅜ sai ya nemo da kansa.

Na rubuta tambayoyin gwaji ashirin, da wasu na aikin gida. Fotokofi shafi goma sha biyu, ₦600.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Gwaji, minti arba'in, ba taimako. Auta ta ci 16 cikin 20, ɗan kafinta 12.

Huɗun da ta rasa na bi su ɗaya bayan ɗaya. A ta farko ta kai −1.875 lafiya, wajen kwafe amsar ƙarshe ta rubuta 1⅞, mainos ya faɗi a hanya. Da na duba, a nan ne kaɗai ba ta yi amfani da jan biro ba. A ta biyu ta tsaya a −10 4/50, ba ta ƙarasa ragewa zuwa −10 2/25 ba. Ta uku santsin hannu ne, bakwai sau takwas ta sa 54. Ta huɗu lokaci ne ya ƙare. Tambayoyi uku da na saka na komawa daga gaurayayyar lamba mai mainos zuwa guntu zalla duk ta ci su, haka ma na tarawa da na cusa a tsakiya don in ga ko waƙar ajinsu za ta dawo.

Na ba ta tambayar kasuwa a ƙarshe: an yi asarar ₦62.50 a kan kowane yadi, an sayar da yadi huɗu da rabi. Ta rubuta −62.5 × 4.5 = −281.25, ta mayar −281¼, ta ƙara da cewa asarar naira 281 da kobo 25.

Yaron kuwa har yanzu ƙirgar gidan ɗigo ce ke kayar da shi, kuma ba ya rubuta ƙiyasi sai an tsaya a kansa. Yana da shekara guda a gaba kafin tasa jarrabawar.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Gyaran gwaji. Ta sake yin huɗun da ta rasa, da wasu irinsu.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Yau ake duban wata. Shago ya cika da shadda da yadi, teburin yanka ba shi da sauran wurin tef biyu, don haka na sa an kai allon zauren gida. Abin da aka kashe daga farko zuwa yau ₦7,000, alli kuma ya yi saura fiye da rabi.

Cikin azumi ba zama. Na rubuta mata tambaya biyar-biyar na kowace rana a littafi na biyu, za ta yi bayan sallar asuba kafin makaranta, in duba da dare in na dawo. Kowace rana akwai ta tarawa ko ɗebewa guda ɗaya a ciki, da guda ɗaya ta komawa daga gaurayayyar lamba zuwa guntu zalla.

Bayan Sallah za mu shiga rabawa. A can ma'aunin biyu da biyar zai daina aiki, domin −1 ÷ 0.3 yana ba da −10/3, wato −3⅓, wanda ɗigonsa ba ya ƙarewa, kuma sai na yi mata bayanin dalili tun kafin ta ɗauka kuskure ne. Daga nan sai bambancin (−0.5)² da −0.5², ɗaya 0.25 ɗaya −0.25, wanda shi ma rigimar iyakar mainos ce. Zan nemi tsofaffin takardun tambayoyin BECE a wurin masu sayar da littattafai a Sabon Gari, in ware duk masu mainos da ɗigo mu bi su da agogo.